Kwanon Juma'a

Shagari,
ranar Asabar.

Zuwa ga ƙanena Sodangi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, ko da yake mutumin da ya ƙoshi har yana mayar da abinci ba sai an tambayi lafiyarsa ba.

Jiya da la'asar Tukur direba ya tsaya a ƙofar gidana ya sauke kwanon da na aika maka Bodinga, ɗaure yadda na ɗaure shi. Ƙullin tsumman ma nawa ne, ba wanda ya taɓa shi. A gaban Talatu maƙwabciyata ya miƙo mini. Ta ce, "Hajiya, lahiya dai? Ko Malam Sodangi ya yi tahiya?" Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare, jiya sai na karɓi kwanona na shige ɗaki kamar ɗalibar da aka kora.

Tun da Inna ta rasu nake aika maka kwanon nan kowace Juma'a kamar yadda take yi. Tuwon dawa, miyar sure, man shanu a sama, nama a gefe. Damina da rani bai taɓa fashi ba, ko lokacin da nake takaba sai da ya tafi. Wanda ba ka shiri da shi ma in ya aiko maka abinci, juyewa kake, ka wanke kwano, ka saka ko goro ne ka mayar. Amma a mayar da abinci da ƙullinsa, kai ma ka san abin da ake nufi da shi a gidanmu. Cewa ka yi ka yanke ni.

Na kira wayarka, 'yarka Bahijja ta ɗauka ta ce kana hutawa. Sai a bakin direba na ji wai Abuja za a kai ka a yanke maka ciki don ka rame. A bakin direba, Sodangi! Da furfura a gemunka za ka kai kanka a farke ka saboda kwalliya? Wa kake son burgewa?

Ina jiran amsa a hannun Tukur. Ka gaida wanda ya ga dama ya amsa.

Yayarka, in har yanzu kana da ita,
Zulaihatu.


Bodinga,
ranar Litinin.

Zuwa ga Yaya Zulaihatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa, tare da tambayar ƙafar nan taki mai ciwo. Takardarki ta iso. Tukur ya miƙo mini ita da hannu biyu kamar sammaci.

Ba ƙin waya nake ba. In na yi magana mai tsawo numfashina yankewa yake, ke kuma ba kya barin mutum ya kai ƙarshen zance ko da huhunsa lafiya lau. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ga abin da ba ki tambaya ba kafin ki yanke hukunci. Likita a Sakkwato ya ce ƙiba ta danne mini huhu, zuciya kuma ta fara gajiya. In barci ya ɗauke ni numfashina tsayawa yake, sai jiki ya firgita in farka ina shaƙewa. Wata na'ura suka ba ni mai hura iska, nake ɗaurawa a hanci kamar takunkumi. Sallah a kan kujera nake yin ta. Rabon goshina da ƙasa har na manta.

Kin san tun ina saurayi nake kiran sallah a masallacin unguwarmu. Watan jiya ina tsakiyar kiran Azahar numfashi ya ƙwace mini, lasifika kuwa a kunne. Duk unguwa, har masu ɗaurin albasa a bakin titi, sun ji Sodangi yana haki. Maniru tela ne ya karɓa ya ƙarasa. Tun daga ranar shi yake kira, da muryar nan tasa kamar ana jan ƙofar langa-langa, ni kuma ina zaune a kujera ina amsawa. Wannan ita ce kwalliyar da kike magana.

Aikin da za a yi ɗan aiki ne, rage mini tumbi za su yi don in riƙa cin kaɗan. Haliru ɗana da yake Abuja ya gama shirya komai. Amma akwai sharaɗi. Kafin ranar sai na bar tuwo da mai da nama, in koma romo da madara da kunu marar sukari, don hanta ta sauke kitse ta ba su hanya.

Gaskiya ne da na iya sa a juye a wanke kwanon. Amma na san kaina. In aka ɗaga murfin nan a gidana, ƙamshin man shanunki ya bugi hancina, babu likitan da ya isa ya tsayar da ni.

Tunda kuma kin buɗe maganar wanda ya cuci wani, bari in faɗa miki, rabin teɓar nan a madafinki aka gina ta. Sau nawa na ce na ƙoshi kika ce ƙarya nake?

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ƙanenki,
Sodangi.


Shagari,
ranar Laraba.

Sodangi,

Salamu alaikum. Gaisuwa taƙaitacciya, don raina a ɓace yake.

Ashe ni na gina maka ciwo. Madalla. To bari in tuna maka abin da ba ka da wayon tunawa.

Kafin a haife ka Inna ta haifi maza uku, duk ƙasa ta karɓe su tun ba su yi baki ba. Kowannensu ramewa ya fara yi, sannan ya tafi. Kai ma shekarar fari ƙyanda ta kama ka, ka koma ƙashi da fata, har Baba ya daina shiga ɗaki don kada ya gan ka. Ni na goya ka. Ni nake tauna gumba in saka maka a baki da yatsa. Rabon tuwona nake ɓoyewa a gefen zane in ba ka in Inna ta juya baya, in kwana da ruwa. Ranar da aka ga kumatunka sun fito, Inna sadaka ta yi. Kuma maganarta ta ƙarshe gare ni, tana riƙe da hannuna, ita ce, "Zulai, kak ki bar Sodangi da yunwa." Yau abincin da ya raya ka ya zama guba, wadda ta ba ka ta zama mai laifi.

Ka ce ɗan aiki ne. Haka aka ce mini a kan mijina, Malam Badaru. Ɗan aiki ne a ciki, Hajiya, kafin la'asar ya fito. Da ƙafarsa ya shiga, yana yi mini dariya. A ƙofar ɗakin ya juyo ya ce in yafe masa, na ce na yafe. A lulluɓe aka turo mini shi. Shi kuwa huhunsa lafiya yake. Kai da ka ce barcin Allah ma shaƙe ka yake, yaya za ka yi da barcin allura?

Na ji labari ka fara zagayen dangi kana neman gafara, kamar yadda mai tafiya Makka ko mai shiga tiyata yake yi. An gan ka a Kajiji, an gan ka a Mandera. Ta ƙofar Shagari ka wuce ba ka tsaya ba. To na san dole ka zo, don duk duniya ba wanda yake da haƙƙi a wuyanka kamar ni. Ka sani tun yanzu: wanda ya zo neman gafara a gidana, zama yake a tabarma ya sa hannu a kwanona. Haka Baba ya yi da 'yan'uwansa, haka muka taso muka gani. Bakin da ya ƙi tuwona ba zai roƙi yafiyata ba. Kwanon da ka mayar, shi zan cika, ka cinye shi a gaban Talatu da ta ga dawowarsa.

In ba haka ba, ka tafi Abujarka da haƙƙina.

Wassalam.
Zulaihatu.


Bodinga,
ranar Juma'a.

Zuwa ga Gwaggo Hajiya Zulaihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina durƙusawa ina gaishe ki, Gwaggo, da fatan jiki da sauƙi. Ki gafarce ni da shiga maganar manya. Baba bai san na rubuto ba. Ni nake karanta masa takardunki in idonsa ya gaji, shi ya sa na san abin da ke ciki.

Gwaggo, wannan zagayen neman gafarar ya riga ya ja mana asara sau ɗaya. An sa ranar aikin tun watan jiya. Baba ya ce ba zai kwanta a gaban likita ba sai ya sallami dangi. A Kajiji aka yanka masa kaji. A Mandera Kawu Lawali ya kawo fura da nono cikin ƙwarya, ya ce, "In ba ka sha ba, ba da zuciya guda ka zo ba." Baba ya sha. Ko'ina muka je haka, yana roƙon gafara suna tura masa kwano, ni ina tsaye ina kallo ba halin magana. Da muka koma asibiti aka ɗora shi a sikeli, nauyinsa ƙaruwa ya yi. Likita ya soke ranar.

Yanzu an sa wata. Baba ya kama sharaɗin da gaske, romo da kunu kawai, har wuyan rigarsa ya fara saki. Likita ya yi mana bayani dalla-dalla. In hanta ba ta sauka ba, suna iya sa shi barci su duba su ga ba hanya, su fasa. Mai huhu irin na Baba kuwa ba a sa shi barcin nan yau a sake gobe. Ya kuma ce zuciyar ba za ta jira wata shekara ba. Wannan ranar ce ta rage mana.

Ke kin rabu da ganinsa tun Sallar bara, Gwaggo. A waya kike jin muryarsa yana zaune. Ba ki ga yadda yake dafa bango daga ɗaki zuwa zaure ba. Ni nake zama kusa da shi in ya yi gyangyaɗi, ina sauraron ko numfashin zai dawo.

Kalma ɗaya ce yake nema a wurinki, kuma ba ta buƙatar man shanu. In kika sa shi ya ci kwanon nan aka sake sokewa, ba zan yi miki rashin kunya ba, amma zan san wanda ya jawo, kuma zan faɗa wa duk wanda ya tambaye ni.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Bahijja.


Shagari,
ranar Lahadi.

Bahijja,

Na amsa sallamarki don Allah ya ce a amsa.

Durƙuson da kika yi a farkon takarda da gorin da kika yi a ƙarshenta ba su san juna ba. Ranar da aka haife ki ni na yanke miki cibiya, ni na yi wa uwarki wankan jego. Yau ke za ki koya mini yadda ake tsoron mutuwar Sodangi? Ina tsoronta tun ubanki bai iya zama ba.

Kin ce an soke ranar farko. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Lawali da alheri. In tuwona zai soke ta biyu, zan ƙara man shanu. Gara in ji shi yana haki a Bodinga da a turo mini shi a lulluɓe daga Abuja.

Ki faɗa wa duk wanda kike so. Ki kuma faɗa wa ubanki sharaɗina yana nan.

Gwaggonki,
Zulaihatu.


Bodinga,
ranar Talata.

Yaya Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Bahijja ta kawo mini amsar da kika ba ta tana kuka, ta faɗa mini abin da ta yi. Na yi mata faɗa, don ba a yi wa babba gori. Amma ke ma kin fito fili. Ashe ba mutuncin kwano kike karewa ba, tarko kika ɗana mini da shi.

Na je wurin limaminmu na tambaye shi ko yafiya tana da sharaɗin tuwo. Ya yi dariya ya ce babu wannan a littafi. Na ce na sani, amma yana cikin littafin Zulaihatu, shi kuwa ba a yi masa gyara.

To ga nawa hukuncin. Ba zan kwanta a sa mini allurar nan da haƙƙinki a kaina ba. Goyon da kika yi mini da tuwon da kika hana cikinki, ban manta ba, ko da kina ganin na manta. Jibi Alhamis Tukur zai kawo ni. In kin ajiye kwano zan ci, har in suɗe. Daga nan in an ɗora ni a sikeli an soke, shi ke nan, in dawo kujerata in ci gaba da sauraron Maniru har ranar da numfashin zai tafi bai dawo ba. Ba zai daɗe ba, in ji likita. Sai ki samu abin da kike so, in mutu da ƙibata a gida, kowa ya ce Zulaihatu ta iya kiwo.

Kin san abin da ke cikin kwanon yanzu. Ki zuba da saninki.

Ƙanenki,
Sodangi.


Bodinga,
ranar Juma'a.

Yaya,

Assalamu alaikum. Mun iso gida lafiya jiya, in kin damu ki sani.

Na rasa inda zan sa abin da kika yi mini. Shi ya sa zan jera miki shi, ko kya ji yadda yake a kunne.

Na zo kamar yadda na ce. Daga mota zuwa tsakar gidanki sai da na tsaya na dafa bango, kina daga ƙofar ɗaki kina kallo ba ki ce sannu ba. Bahijja ta nemi kujera, kika ce, "Gidanga ba a cin tuwo bisa kujera." Tukur da Bahijja suka kama ni suka sauke ni a tabarma kamar buhun gero. Kin kira Talatu ta zauna shaida. Kika kawo kwanon da hannunki, kika kwance ƙullin, man shanu har yana kwanciya a gefe. Ban yi musu ba. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na yanko loma, na sunkuya.

Abin da ya biyo baya ba wani abu ba ne, kullum sai ya same ni in na sunkuya. Ciki ya tokare ƙirji, iska ta ƙi shiga, duhu ya gilma. Da kin bar ni da na dawo da kaina. Bahijja ta ce leɓena ya yi baƙi, idona ya kafe, loma tana hannuna. Ta ce kafin ta motsa kin riga ta isa, da ƙafar nan taki da kike cewa ba ta takuwa. Ni dai na farfaɗo na ji ni a jingine da ƙirjinki, kin tallabe ni ta baya kina buga mini ƙirji, kina kirana da wani suna na yarinta da rabon da in ji shi tun Inna tana da rai.

Na ce a matso mini da kwanon in cika sharaɗi. Sai kika buɗe mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, kika kankare tuwon, kika wanke mini hannu a gaban mutane kamar yaron goye. Kika ce, "Talatu, ɗauki wanga tuwo ki kai ma ɗiyanki." Na ce, to Yaya, ki yafe mini. Kika miƙe kika gyara zane, kika ce, "Tashi ka tahi, rana na yi." Kika shige ɗaki kika saki labule. Na yi ta sallama a bakin ƙofa har Tukur ya ce mu tafi.

Me kike so da ni, Zulaihatu? Na ƙi ci, kin ce na yanke ki. Na zo ci, kin ƙwace. Kin hana ni tuwon, kin hana ni kalmar. Duk Kajiji da Mandera, har waɗanda muka yi shekaru ba ma gaisawa, kowa ya ce ya yafe duniya da lahira. Ke kaɗai, ke da kika goya ni.

Gobe Asabar za mu kama hanyar Abuja. Na kwana biyu ina nuna wa Bahijja ba na tsoro, amma ke zan faɗa miki, ina tsoro. Ba wuƙar nake tsoro ba, barcin nake tsoro. In ban farka ba, da me zan tsaya gaban Ubangijina, yayata tana riƙe da ni?

Tukur zai jira amsa. Ba sai kin cika takarda ba, kalma biyu sun isa.

Ƙanenki,
Sodangi.


Shagari,
ranar Juma'a da yamma.

Sodangi,

Wa alaikas salam.

Ban yafe ba.

Inna ta nemi yafiyata na ba ta, ta tafi. Malam Badaru ya nema na ba shi, bai fito ba. Kai ba zan sallame ka ba.

Ka je a yi aikin. Jiya na ji abin da ke ƙirjinka da hannuna, ba sai likita ya faɗa mini ba. Ka bi abin da suka ce, kada ka sa komai a baki sai da izininsu. Kwano na wanke na kife shi. Bahijja ta ce bayan aikin cin yaro za ka riƙa yi, to na san yadda ake ciyar da kai a haka, na taɓa yi.

Yafiyarka tana nan Shagari a ajiye. Ranar da Tukur ya zo ya ce mini ya ji ka kira Azahar har ƙarshe, ka zo da ƙafarka ka karɓa.

Kada ka kuskura ka mutu da haƙƙina a wuyanka.

Yayarka,
Zulaihatu.